Audu Zuru Su Biyu Ne

Shekarata ashirin da huɗu ina aiki a ɗakin adana takardun tarihi na jami'armu, kuma ba yabon kai ba, takarda ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ka ce mini kana neman wasiƙar wane ta shekara kaza, zan gaya maka kantar da take, da layin, da kwalin, ban ko ɗaga kai ba. Abokan aiki suna ce mini Malam Maharazu Kwali. Su a zatonsu tsokana ce, ni kuwa daɗin sunan nake ji. Na fara da wannan ne don a san cewa mutumin da Mama Saloma ta zaunar ta koya wa karatu a barandar gidanta ba sabon shiga ba ne.

Shekara biyu da suka wuce jami'a ta ce mu daina zaman jiran takardun sarakuna da manyan malamai, mu fita mu nemo na gidajen talakawa kafin gara da ɗigon ruwa su gama da su: wasiƙu, hotuna, takardun makaranta, duk abin da iyali suka adana. Da aka raba ƙasa, Zuru ta faɗo a kaina. Ni mutumin Argungu ne, abin da na sani game da Zuru bai wuce duwatsu da sojoji ba. Muka sa aka yi sanarwa a masallatai da coci-coci, muka kafa tebur a wata makarantar firamare, muka zauna. Kwana huɗu babu wanda ya kawo ko ambulan. Mutane su zo, su gaishe mu da kyau, su leƙa kwalayenmu, su wuce. Rana ta biyar maigadin makarantar ya ji tausayina, ya ce, "Malam, ka je ka ga Mama Tafireta. In ta ba ka nata, garin nan kowa zai ba ka. In ta hana ka, ka kama hanya tun da sauran rana."

Sunanta Saloma, an haife ta a ƙauyen Manga kusa da Zuru a 1951. Ubanta tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo ya koma gonarsa. Bai iya karatu ba, amma ya ga abin da alƙalami yake yi wa mutum a bariki. Don haka da aka buɗe makarantar mishan kusa da su, ya kama hannun 'yarsa ya kai ta da kansa, maƙwabta suna dariya suna tambayarsa wa zai taya uwarta surfe. Daga nan ta tafi Kaduna ta koyi bugun tafireta. A 1971 ta kama aiki a ofishin hukuma a Zuru, ta zauna a kujera ɗaya, kusa da taga ɗaya, har shekara talatin da biyar.

Shugabanni goma sha ɗaya suka zo suka same ta, suka tafi suka bar ta. Har yau ana ba da labarin ɗaya daga cikinsu, baƙo, wanda ya kawo mata wasiƙa ya rubuta sunan wani ƙauye a karkace. Ta gyara. Ya dawo da takardar ya ce ta buga yadda ya rubuta, ba a ɗauke ta aiki don ta koya masa ba. Ta buga biyu, ta ajiye masa a tebur, ta ce, "Ranka ya daɗe, ga taka, ga ta mutanen garin. Ka sa hannu a wadda ba za ka ji kunya ba." Ya sa hannu a ta mutanen garin.

Mijinta Kefas soja ne shi ma, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ta rene su da wannan tafireta da 'yar gonar gyaɗa a bayan gida. Matan sojoji wurinta suke zuwa idan takardun mazajensu sun rikice musu, don ita ba ta tsoron kowane ofis, kuma ba ta rubuta abin da ba ta tabbatar ba. Da ta yi ritaya kwamfuta ta riga ta cika ofisoshi, babu mai son tsohuwar tafiretar, sai aka ɗora mata ita a mota a matsayin kyauta. Ta ce ba kyauta ba ce, sallamar su biyu aka yi rana ɗaya.

Lokacin da na same ta ta haura saba'in, yanar ido ta fara rufe mata gani, amma ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, kuma muryarta tana kaiwa bakin titi ba tare da ta ɗaga ta ba. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, tana tafiya kamar wadda ake jira. Na ƙaunace ta tun ranar, na kuma ji tsoronta, har yau duka biyun suna nan.

Ba ta yarda da ni haka kawai ba. Ta tambaye ni irin rufin ɗakinmu, da abin da muke sa wa gara, da wanda yake riƙe makulli, da abin da zai faru da takardun ranar da na mutu. Na amsa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariyar Hausata, ta ce, "Ku da munka da sunka, in kun rubuta ma haka kuke yi?" Na ce a'a, a baki kawai muke bari. Sannan ta shiga ɗaki, ta jawo wata adakar ƙarfe baƙa, ta buɗe. Warin kafur ya bugi hancina. A ciki akwai hoton ubanta da kaki, wanda gara ta riga ta ci gefensa, da lambobin yabo biyu, da takardar baftismarta, da wasiƙun da Kefas ya riƙa aiko mata daga fagen yaƙi. A can ƙasa, a naɗe cikin farin ƙyalle, akwai ƙananan littattafan soja guda biyu, irin wanda kowane soja yake yawo da shi a aljihu. A bangon kowanne an rubuta Audu Zuru.

Abin da ban sani ba a ranar, wanda ya kamata mai karatu ya sani tun yanzu, shi ne Mama Saloma ba don hoton ko lambobin ta yarda ba. Abu ɗaya ne yake damunta a duniya. Akwai sunan wani mutum da ita kaɗai ta rage tana riƙe da shi, ba a rubuta shi a ko'ina ba, kuma ta san ranar da aka binne ta tare za a binne su. Wurin da za ta ajiye wannan suna take nema.

Ni kuwa sauri nake yi. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, direbanmu yana ta danna odar mota a waje, ga adaka ba ta son ruwa. Na ƙirga kayan, na rubuta, na yi mata alkawarin zan dawo da na'ura mu zauna ta ba ni labarinsu a tsanake. Ina naɗe littattafan sai ta dafa hannuna ta ce, "Su biyu ne fa, Malam."

Na ce, "Na gani, Mama, biyu na."

Ita mutane take nufi. Ni littattafai na ƙirga. Ta sake ni da zuciya ɗaya, tana ganin ai malamin jami'a daga ganin bango ya gane. Kashegari kuwa, kamar yadda maigadi ya faɗa, sai da muka nemi ƙarin kwalaye, don gida talatin da ɗaya suka kawo nasu.

Na koma jami'a na zauna a kan kayan Zuru wata uku. Alkawarin komawa da na'ura ya bi ruwa, kullum ina cewa mako mai zuwa. Da na zo kan littattafan nan biyu na duba su yadda na saba. Suna ɗaya, gari ɗaya, ranar shiga soja ɗaya a 1943. Ɗaya yana da tsabta, rubutunsa ya kai har ranar sallama a 1946. Ɗayan ya sha ruwa, shafukansa sun manne, abin da na iya gani ya tsaya a 1944. Lambar soja iri ɗaya ce, sai ta ƙarshe da ta dame a jiƙaƙƙen, ana iya cewa shida ce, ana iya cewa takwas. Nan take na warware matsalar da kaina: littafin mutumin ya jiƙe a daji, aka ba shi sabo, akawu ya kwafe bayanan. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba. Na rubuta a jerin kayan, "Audu Zuru, soja, littafinsa tsoho da sabo." Har na ji daɗin kaina.

Dokar aikinmu ce kafin a buga jerin a littafi a kuma sa shi a intanet, sai an karanta wa kowane gida nasa sun amince. Ranar Juma'a za a kai wa maɗaba'a. Ranar Litinin na tura na Mama Saloma ta wayar 'yarta Gladys, wadda take aikin jinya a Kaduna, ta zo hutu gida. Ba a yi awa ɗaya ba wayata ta yi ƙara.

Ba gaisuwa. "Malam Maharazu, ka kawo mini littattafaina."

"Lahiya dai, Mama? Mi ya faru?"

"Ka kawo su gobe. Kai da kanka, ba aike ba."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Takardar da ta shiga ɗakinmu ba ta fita sai da sa hannun shugabar sashe, ga nisa, ga damina. Na cika na batse, ina cewa a raina tsohuwa ta ga mun ɗauki kayanta da daraja shi ne za ta riƙa juya mu. Amma na nemi izini, na sa littattafan a ambulan biyu da leda, na kama hanya da sassafe.

Na isa bayan azahar. Ta sa aka ba ni ruwa na yi alwala, ta nuna mini inda zan yi salla, ta ajiye mini kunun gyaɗa, ta jira sai da na shanye. Sannan ta zauna a kujerarta a baranda ta ce, "Karanta mini abin da ka rubuta."

Na karanta.

Ta ce, "Tsoho da sabo. To. Buɗe sabon, shafi na uku. Tsawon mutumin nawa?"

Na duba. "Ƙafa biyar da inci huɗu."

"Ubana ke nan. A wurinsa na gaji gajarta. Buɗe tsohon."

Na ce mata shafukan sun manne, ina tsoron kada su yage.

"Kai ne ka ce mini shekararka ashirin da biyu a aikin nan."

Na ciro 'yar siririyar wuƙar ƙashi da muke raba takardu da ita, na bi a hankali, gumi yana tsattsafo mini. Shafin ya buɗe. Tawadar ta koɗe amma tana karantuwa. Ƙafa biyar da inci goma.

"Malam," in ji ta, "na shekara talatin da biyar ina buga kwafi. Ban taɓa ganin kwafin da ya fi asalinsa tsawo da inci shida ba. Duba dangwalen yatsa."

Na sa gilashin ƙara girma. A ɗaya zanen yatsan ya naɗe kamar gammo, a ɗayan ya kwanta gefe, har da tabon yanka a tsakiya. Ko yaron firamare zai ga ba hannu ɗaya ba ne. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige da gilashina.

Ba ta yi mini dariya ba. Ta karɓi jiƙaƙƙen littafin ta ɗora a cinyarta, ta ba ni labarin da ya kamata in zo in ɗauka tun wata uku.

Ubanta ba Audu ba ne. Sunan da uwarsa ta sani shi ne Zome, ɗan Andi. Yana da aboki tun suna kiwon awaki, dogo, mai suna Doro. Doro ya girme shi kaɗan, ya riga ya shiga golmo, wato noman da saurayi yake yi a gonar iyayen yarinyar da zai aura, damina bakwai, shi da sa'o'insa. Zome bai fara nasa ba, yana cikin masu taya Doro. Sun yi damina biyar aka zo neman samari don yaƙi, aka tafi da su biyun rana ɗaya.

A wurin ɗaukar sunaye sajan mai rubutu ba ya jin C'lela, yaren mutanen Zuru, su kuma Hausarsu ba ta wuce ta kasuwa ba. Doro ya faɗi sunansa, sajan ya ce me? Ya sake faɗi. Layi yana da tsawo, rana ta yi zafi. Sajan ya ce, "Audu. Daga ina?" Aka ce Zuru. Ya rubuta Audu Zuru. Mutum ɗaya ya shiga tsakani, sannan Zome ya matso, aka sake yin haka. Ta ce a rundunarsu kaɗai Audu Zuru sun kai a cika mota, da lamba ake rarrabe su.

A Bama zazzaɓi ya kama Doro a bakin wani kogi, ruwan sama yana zuba kwana da kwanaki. Da ya ga ba zai tashi ba, ya ciro littafinsa daga aljihu ya danƙa wa Zome, ya ce masa da yarensu, "Saura biyu." Bai ƙara wata magana ba. Zome ya ɓoye littafin a ƙirjinsa shekara biyu, bai miƙa shi ga kowa ba.

"Da ya dawo," in ji ta, "bai fara zuwa gidansu ba. Gidan iyayen yarinyar ya je, ya ajiye littafin gaban ubanta, ya ce Doro ba zai zo ba, amma ya ce saura biyu. Ya ɗauki fartanya. Damina biyu yana noma gonar nan da sunan Doro, bai nemi komai ba. Da aka cika bakwai dattawa suka rasa yadda za su yi, noma ya cika, mai shi ba ya duniya. Suka kira yarinyar suka tambaye ta. Ta ce ita ta daɗe da yanke shawara, wanda ya ƙarasa take so."

Ta shafa bangon littafin da babban yatsa.

"Yarinyar nan ita ce uwata. Biyar na Doro, biyu na ubana. Ni noman mutum biyu ce, Malam. Kai kuma ka zauna a ofis ka ce tsoho da sabo."

Doro bai bar ɗa ba. Iyayensa sun rasu kafin a gama yaƙi, gidansu na kan dutse ya rushe tun lokacin da mutane suka sauko suka zauna a fili. Ta ce duk shekara idan Uhola, bikinsu na girbi, ya zo, ubanta yakan fito da littafin ya kira sunan da ƙarfi a tsakar gida, ko bayan da ya zama Kirista bai fasa ba. Ranar da zai rasu ita ya ba. Gladys tana tsaye a bakin ƙofa tana saurare, sai uwar ta juya ta ce mata, "Ke, abokin kakanki, yaya sunansa?" Gladys ta buɗe baki, ta rufe, ta ce, "Mama, yanzu fa kika faɗa, yana bakina." Mama Saloma ta dube ni ta ce, "Ka gani? Sau ɗari na gaya musu. Ba laifinsu ba ne, ba su ga fuskar mai kiran sunan ba."

Na ba ta haƙuri, na ce kuskure nawa ne, zan gyara tun kafin Juma'a. Sai kuma halina na ɗan kwali ya motsa. Na ce zan raba su gida biyu, in rubuta Audu Zuru na ɗaya da Audu Zuru na biyu.

Ta ajiye littafin a hankali. "Ka ce me?"

"Mama, mu abin da takarda tac ce shi muka rubutawa. Wanga suna, Doro, ba ya cikin kowace takarda. In wani ya tambaye ni ina nis samo shi, mi zan nuna mishi?"

Ranar na ji muryar da shugabanni goma sha ɗaya suka ji. Ba ta ɗaga ta ba, amma kajin tsakar gida sai da suka watse.

"Sajan ya yi nasa don bai ji yarenmu ba, rana kuma tana dukansa. Kai ka ji, kana zaune a inuwa, ka sha kununa. Shi ya ɓatar da mutum da jahilci, kai za ka ƙarasa shi da digiri?"

Ban janye ba, don dokar ba ta banza ba ce. In kowa zai faɗi suna da baki mu rubuta, gobe wani zai zo ya ce kakansa ne ya gina dutsen Zuru. Na gaya mata haka. Ta saurara har na gama, ta gyaɗa kai, don ita ma ma'aikaciya ce, ta san darajar doka. Sannan ta ce, "Takarda kake so?"

"Takarda, Mama."

"Tashi ka kama mini."

Muka shiga ɗaki, muka ɗauko tafiretar daga kan kabad, a lulluɓe da tsohon zane. Nauyinta kamar dutsen niƙa. Muka ɗora ta a tebur a baranda. Ƙyallen tawadar ya bushe, ta ɗiga masa man keken ɗinki, ta murza shi gaba da baya har ya yi laushi. Ta sa farar takarda biyu da kabon a tsakani, ta daidaita gefe da yatsa, ba da ido ba. Ta gyara zama, bayanta ya miƙe, sai ka ce an cire mata shekara talatin.

Kafin ta fara ta ce, ba ni take kallo ba, "Ni ma ina da nawa laifin. Na buga sunan mutum dubu nawa a kan injin nan, ban taɓa buga nasa ba. Ina ganin sunan da ake kira a gida ba ya bukatar takarda."

Sannan yatsunta suka sauka. Ban taɓa jin irin wannan bugu ba, kamar ruwan farko a kan kwano, ƙararrawar ƙarshen layi tana amsawa. Ba ta tsaya ba, ba ta goge ko harafi ɗaya ba. Ta zare takardar ta miƙo mini ta ce in karanta da ƙarfi, don ita ba ta ganin abin da ta buga.

"Ni Saloma, 'yar Zome ɗan Andi na Manga, tsohuwar ma'aikaciyar hukuma, ina shaida cewa littafin soja mai lambar da ta ƙare da takwas na ubana ne. Mai lambar da ta ƙare da shida na Doro ne, mutumin Manga, wanda aka rubuta Audu Zuru ba da saninsa ba. Ya yi golmo damina biyar. Ya rasu a Bama a 1944. Ubana ya faɗa mini wannan da bakinsa, uwata ta tabbatar."

A ƙasa ta buga kwanan wata, ta sa hannu, Gladys ta sa a matsayin shaida, ni ma na sa. Harafin "o" na injin ya tsufa ya yi kaifi, duk inda ya sauka sai ya huda takardar. Sunan Doro ya fito da huda biyu, ana hango hasken tsakar gida ta cikinsu.

Na riƙe takardar ina tunanin kwalayena. Duk abin da ke cikinsu wata rana ce wani ya zauna ya rubuta shi, wani da sani, wani da gaggawa. Rubutun sajan na girmama don ya tsufa ya yi ja, alhali mutumin bai ma ji abin da aka gaya masa ba. Wannan kuwa tawadarta ba ta bushe ba, amma mai ita ta san abin da take faɗa, ta kuma sa sunanta a ƙasa. Dokata ta cika, ba a karya ta ba.

Ta ajiye kwafin kabon a cikin Littafi Mai Tsarki nata, ta ba ni asalin. Da na tashi tafiya ta riƙe ambulan ɗin ba ta saki ba.

"Su nawa ne, Malam?"

"Su biyu na, Mama."

"Faɗi sunayensu."

"Zome ɗan Andi, da Doro."

Sai ta saki. Ta ce in gaida iyali, in kuma daina barin direba yana yi wa tsofaffi oda a ƙofar gida.

Na dakatar da maɗaba'a mako uku, na sha surutu a kan haka, ban damu ba. Na buɗe sabon kwali, na rubuta a goshinsa da hannuna, "Doro na Manga, soja, wanda aka rubuta Audu Zuru." Na sa littafinsa da takardar Mama a ciki. Daga nan na koma kan sauran kayan gida talatin da ɗaya da sabon ido, na tarar da wasu Audu Zuru har tara, da Musa Zuru huɗu. Na koma da na'urar da na yi alkawari, Mama Saloma ta shiga gaban mota, muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya har Dirin Daji. A kowane gida tambayarta ɗaya ce: "Wane suna uwarsa ta sani?" Mun samo goma sha ɗaya. Biyu mun makara, masu sanin sun riga sun tafi.

A watan jiya ina zaune a teburina wata ɗaliba ta shigo, Peculiar sunanta, 'yar kudu, tana bincike a kan sojojin yaƙin Bama. Ba ta taɓa taka Zuru ba, ba ta san Manga gabas take ko yamma ba. Ta ga jerinmu ne a intanet. Ta miƙo mini takardar neman kwali, ta ce da Hausarta ta koyo, "Malam, ina son na Doro."

Na ce ta ɗan zauna. Na fita baranda na kira Zuru. Na gaya wa Mama Saloma cewa ga wata yarinya da ba ta san mu ba, ba ta san ta ba, ta shigo ta nemi Doro da sunansa.

Ina jin zakara yana cara a can tsakar gidanta. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa-ƙasa, abin da ban taɓa ji ba.

"Ta faɗi sunan daidai?"

"Daidai, Mama."

Ta ja numfashi, muryar ta dawo wurinta.

"To ka ba ta. Ka ce ta wanke hannu tukuna."